Kilomita 106 ba ita ce tafiyar ba

Akwai wani lissafi da ya samu gindin zama tsakanin ɗalibanmu mazauna Selly Oak, unguwar da ke maƙwabtaka da Jami'ar Birmingham, har da iyayen da ke yankar musu tikiti daga gida. Cewa ake yi sauka a filin jirgin Manchester da sauka a na Birmingham duk ɗaya ne, tunda intanet ta nuna tsakaninsu kimanin kilomita 106 ne kacal, wato mil 66. Saboda haka duk inda tikiti ya fi araha, can za a nufa.

Adadin daidai ne, kuma masu wannan ra'ayi ba su rasa hujja ba. Filin Manchester ne na uku a yawan fasinja a Birtaniya, bayan Heathrow da Gatwick. Titin saukar jirgi biyu gare shi, na Birmingham kuwa ɗaya. Tun 2018 jirgin Ethiopian Airlines ke zuwa Manchester daga Addis Ababa, abin da ya sauƙaƙa wa 'yan Afirka da dama.

Sai dai wannan adadi awon miƙaƙƙen layi ne a sararin sama, kuma babu jirgin fasinja da ke jigila a kansa. Ba sakaci ne ya jawo hakan ba. Jirgin da zai yi wannan 'yar tafiya, kafin ya gama hawa sama lokacin saukarsa ya yi, alhali wajen tashi ne ya fi shan mai. Ga kuɗin sauka, ga layin bincike. Kamfani ba zai ci riba ba, fasinja ma ba zai rage lokaci ba.

To, tafiyar ta koma ƙasa. Daga filin Manchester zuwa Selly Oak a mota kusan kilomita 140 ne, ba ta gaza tafiyar Kano zuwa Zariya da yawa ba, kuma mafi yawanta a kan babbar hanyar M6. Cunkoson hanyar nan ne ya sa a 2003 aka buɗe M6 Toll, wadda ake biyan kuɗi. Amma ita kewaye Birmingham take yi, ba ta da amfani ga mai shiga Selly Oak.

Jirgin ƙasa ma sai an yi canji, galibi a tashar Piccadilly ta Manchester ko ta Crewe, kafin a kai tashar New Street ta Birmingham, sannan a sake hawa wani zuwa Selly Oak. A ƙiyasta awa biyu zuwa uku, da akwatuna biyu da gajiyar kwana a sama. Layin jirgin ƙasa mai sauri na HS2 da aka sa rai zai gajarta wannan tazara, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, ya soke ɓangarensa na Manchester a Oktoban 2023. Wanda ya sauka a Birmingham kuwa, ɗan jirgin Air-Rail Link zai kai shi tashar Birmingham International kyauta cikin minti biyu, kuma yawanci kafin awa guda yana ƙofar gidansa.

Ban ce kada a sauka a Manchester ba. Wani lokacin rarar kuɗin tikitin tana da kauri, ta kuma cancanci wahalar. Amma a haɗa kuɗin jirgin ƙasa ko na bas ɗin National Express a lissafi, a kuma duba lokacin sauka. Tikitin jirgin ƙasa mai rahusa na jirgi guda ne tak, idan jirgin sama ya makara yana iya tashi a banza. Wanda kuma ya fito daga hannun jami'an shige da fice da tsakar dare, mai yiwuwa sai tasi ko otal, kuma ko wanne a cikinsu zai iya cinye rarar gaba ɗaya.