Daga Ina Ruwan Damina Yake Zuwa Mana?

Manomi a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa gabas yake duba in yana jiran hadari. Amma laimar da ke cikin hadarin nan daga kudu maso yamma take tasowa, wato daga Tekun Atlantika.

Ga yadda abin yake. Cikin Maris da Afrilu rana takan gasa ƙasar Arewa har hamadar Sahara. Iska mai zafi ta tashi sama, sai iskar teku mai laima ta kwararo ta maye gurbinta. Ita ke kawo mana damina wajen Mayu zuwa Yuni. Bayan Oktoba kuma iskar hamada ta kore ta, hunturu ya sauka.

Masana sun gano cewa a shekarun fari, irin su 1973 da 1984, tekunan kudu sun yi ɗumi fiye da yadda aka saba, Atlantika ta arewa kuwa ta yi sanyi. Shi ya sa iskar damina ta kasa hawowa sosai.

Saboda haka 'yan'uwa, kada yayyafin farko ya ruɗe mu. A bari ƙasa ta jiƙu kafin a zuba irin masara. Mai-Wa'azi 1:6 ya daɗe da yin zancen kewayar iska, Ubangiji kuwa shi ya shirya ta.