Mutuwar Kwatsam ta Sabuwar Kwamfutar Tafi-da-Gidanka: Dalilanta da Hanyoyin Gano Su

GABATARWA

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. A yau ɗalibin jami'a ba ya rabuwa da kwamfutar tafi-da-gidanka, domin a cikinta ya ke rubuta jinga, a cikinta ya ke adana hirarrakin da ya ɗauko wajen bincike, kuma a cikinta kundin digirinsa ya ke kwana ya ke tashi. Sau da yawa sai iyaye sun sayar da amfanin gona ko dabba kafin a haɗa kuɗinta. Saboda haka ba ƙaramin tashin hankali ba ne mutum ya sayi sabuwa dal, yana tsakiyar rubutu sai ya ga allonta ya yi baƙi ƙirin, aikin awa uku ya salwanta.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa irin wannan mutuwa tana da sanannun dalilai, kuma mai kwamfutar zai iya gano mafi yawansu da kansa ba tare da ya buɗe cikinta ba. Gano dalilin da wuri kuwa shi ke raba mutum da asara, tun da ya ke sabuwar kwamfuta tana da garanti, shi kuma garanti yana da wa'adi. Misalan da za a kawo sun shafi kwamfutocin da ke aiki da manhajar Windows, kasancewar su ne suka fi yawa a hannun ɗalibai.

1. WACE IRIN MUTUWA CE?

Bahaushe yana amfani da kalmar mutuwa ga kusan duk abin da ya daina aiki: mota ta mutu, fitila ta mutu, kasuwa ta mutu. Faɗin kalmar nan yakan ruɗar da mai neman gyara, domin abin da a ke kira mutuwar kwamfuta ya kasu gida huɗu, kowanne da inda ya ke nuni.

Na farko shi ne ɗaukewa farat ɗaya, babu gargaɗi, kamar an hure fitila. Wannan yakan nuna zafi, ko yankewar wuta, ko lahani a jikin na'urar. Na biyu shi ne allo ya rikiɗe ya zama shuɗi da ɗan rubutu a kai, sa'an nan kwamfutar ta sake tashi da kanta. A sababbin Windows 11, tun daga shekarar 2025, an mayar da wannan allo baƙi, amma ma'anarsa ɗaya ce, watau manhaja ta yi tuntuɓe ko kuwa wani sashe ya ba ta gurɓataccen bayani. Na uku shi ne ta rufe kanta cikin tsari, har ta rubuta cewa tana rufewa, wanda ke nuna umarni aka ba ta. Na huɗu barci ne kawai: allo ya yi duhu, wata 'yar fitila tana ƙiftawa, da an taɓa maɓalli sai ta farka, aiki yana nan yadda aka bar shi. Wannan na ƙarshe ba cuta ba ce, a wurin saitin wuta da batir a ke tsawaita lokacinsa.

Matakin farko ke nan mutum ya ware takarda, duk lokacin da ta mutu ya rubuta abu biyar: ƙarfe nawa, wane aiki a ke yi, tana jone da caja ko kuwa, a kan me aka ɗora ta, kuma fanka tana ƙugi ko tana shiru. Rubutun kwana uku ya isa ya fito da alƙibla.

Ita ma Windows tana ajiye tarihin abin da ya same ta a wata taska mai suna Event Viewer, inda kowane lamari ya ke da lamba. Lamba 41 da lamba 6008 suna shaida cewa kwamfutar ta ɗauke ba bisa tsari ba, ko da ya ke ba sa faɗin dalili. Lamba 1074 tana nuna cewa da gangan aka rufe ta, har ma ta ambaci sunan manhajar da ta ba da umarnin. Lamba 1001 mai taken BugCheck kuwa ita ke ɗauke da bayanin shuɗin allo.

2. ZAFI

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan guntun sashe mai suna furosesa, wanda shi ne ke yin dukan lissafi. Wutar da ya ke sha tana komawa zafi. Wani bututun tagulla ne ke kwashe zafin zuwa bakin taga, fanka kuma ta hura shi waje. Mafi yawan furosesan zamani iyakar juriyarsu ba ta wuce wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyos ba. Idan zafi ya doshi wannan iyaka, furosesa yakan rage gudu da kansa, shi ya sa kwamfuta kan yi nauyi kafin ta mutu. Idan rage gudun bai wadatar ba, sai ta yanke wuta nan take don kada sashen ya ƙone. Ashe a nan mutuwar kariya ce ta yi wa kanta.

Masu ƙera waɗannan na'urori galibi sukan ƙayyade cewa a yi aiki da su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. To, a Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura digiri 40 a watan Afirilu, balle a ɗakin kwano mai ɗauke da mutum shida da rana tsaka. Daɗin daɗawa, ɗalibi yakan ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo, alhali yawancinsu ta ƙasa su ke shaƙar iska. Har wa yau, a kwanakinta na farko sabuwar kwamfuta tana fama da aikin ɓoye, tana sauko da sabuntawa tana jera fayiloli, don haka takan fi zafi a makon farko.

Alamar wannan cuta ita ce fanka ta yi ta ƙugi, gindin kwamfutar ya yi zafi, kuma mutuwar ta zo bayan an ɗauki lokaci ana aiki mai nauyi, kamar kallon bidiyo. Idan aka kunna ta nan take sai ta sake mutuwa da wuri fiye da na farko. Gwajinsa mai sauƙi ne: a ɗora ta a kan tebur, a ɗaga bayanta da ɗan littafi ba tare da an toshe tagogin iska ba, a maimaita aikin da sassafe. Manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp suna nuna zafin furosesa da lamba. Idan babu aikin da a ke yi amma lambar tana kai wa 90, ko kuwa kwamfutar tana da fanka amma ba a taɓa jin motsinta ba, to mai yiwuwa lahanin daga masana'anta ya ke. Ƙurar hunturu ma tana toshe taga, amma sai a hankali, don haka da wuya a ɗora mata laifin kwamfutar da ba ta yi wata guda ba.

3. CAJA DA BATIR

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana shan wuta ta hanya biyu, caja da batir, kuma an tsara ta ne yadda in ɗaya ta yanke ɗayar za ta karɓa ba tare da allo ya ko ƙifta ba. Daga nan a ke samun gwaji mai amfani ƙwarai. Idan tana mutuwa daidai lokacin da aka ɗauke wuta ko aka zare caja, to batir ne ba ya riƙe wuta, ko kuwa mahaɗinsa bai zauna daidai ba. Idan kuwa tana aiki lafiya da batir, sai an jona ta ta ke rikicewa, to a tuhumi caja, ko soket, ko wutar da ke shigowa.

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, cajojin kwamfuta kuwa an yi su ne su karɓi daga bolt 100 zuwa 240, kamar yadda a ke rubutawa a jikinsu. Saboda haka raguwar wuta kaɗan ba ta damun su. Abin da ke cutar da su shi ne tsallen da wuta ke yi sa'ad da aka dawo da ita, ko sa'ad da ƙaramin janareta ke shirin mutuwa. Ya kamata a duba ƙarfin cajar ma. Akwai mai wat 45, da mai 65, da mai 90 zuwa sama. Kwamfutar da ke bukatar wat 90 in aka haɗa ta da caja mai wat 45, sai ta riƙa cike giɓin daga batir, har batirin ya ƙare alhali tana jone. A gwada da cajar abokin karatu mai irin kwamfutar, a wani soket dabam.

Game da batir, Windows tana iya ba da rahoto. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna lambobi biyu, watau yawan wutar da aka ƙera batirin ya ɗauka, da yawan wadda ya ke ɗauka a yanzu. A sabon batir lambobin nan kusan ɗaya su ke. Alal misali, in ta farko 45,000 ce ta biyu kuwa 28,000, to batirin ya sha aiki, kuma irinsa ne ke nuna saura kashi 30 sa'an nan ya ɗauke. Idan kuma aka ga gindin kwamfuta ya kumbura, ko wurin da a ke murza yatsa ya ɗago, to batir ne ya kumbura. A daina jona ta nan take, domin batirin litiyom da ya kumbura yana iya kama wuta.

4. MANHAJA

Akwai gwaji guda da ke raba laifin manhaja da laifin ƙarfe. Kowace kwamfuta tana da ɗan tsarin da ke tashi kafin Windows, wanda masu gyara ke kira bayos. A kwamfutocin Dell ana shigarsa da danna F2 lokacin kunnawa, a na HP kuwa da Esc sa'an nan F10. A shiga a bar ta a nan na tsawon awa guda ba tare da an canja kome ba. Idan ta mutu a wannan hali, Windows ba ta da laifi, tun da ba ta ma tashi ba.

Idan ta tsaya lafiya, sai a gwada tsarin da Windows ke kira Safe Mode, inda ta ke tashi da 'yan manhajojin da ba makawa sai da su. Ana kai wa gare shi ta hanyar danne maɓallin Shift yayin da a ke ba da umarnin sake kunnawa. In ba ta mutu a nan ba, zargi ya koma kan wani abu da aka ɗora mata. Mafi yawan lokuta direba ne, watau 'yar manhajar da ke fassara tsakanin Windows da wani sashe kamar na hoto ko na intanet. Maganinsa shi ne a sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Sauran abin zargi su ne manhajojin sata da a kan loda wa mai saye a matsayin gyara, waɗanda wasunsu ke ɗauke da cuta mai sa furosesa aiki dare da rana, da kuma tara manhajar tsaro biyu ko uku, alhali Windows 10 da 11 suna zuwa da tasu. Idan za a sabunta bayos kuwa, lalle batir ya kasance cike kuma caja tana jone, domin yankewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya hana kwamfuta sake tashi.

5. LAHANIN MASANA'ANTA DA BATUN GARANTI

Mai karatu zai iya tambaya, yaya sabon abu zai zo da lahani? Masana harkar injuna sun daɗe da lura cewa kayan lantarki sun fi lalacewa a lokuta biyu, farkon rayuwarsu da kuma tsufansu. Wanda ya fito da lahani daga masana'anta yakan bayyana shi a makonnin farko. Sashen da ya kamata a fara gwadawa shi ne ram, watau ma'ajiyar wucin gadi da furosesa ke shimfiɗa aikinsa a kai. Rubuta mdsched a wurin bincike na Windows zai buɗe na'urar gwada shi. Kwamfutocin Dell suna da gwajin dukan sassa ta hanyar F12, na HP kuma ta Esc da F2. Duk lambar kuskuren da gwajin ya bayar a rubuta ta. Haka nan idan kwamfuta tana mutuwa da zarar an ɗaga ta ko an motsa murfinta, alama ce ta wani mahaɗi ya yi sako-sako a ciki.

Wajibi ne kuma a tabbatar da sabuntar kanta, domin a kasuwa akan sami wadda aka yi amfani da ita a ƙasashen waje, aka goge ta aka sa a kwali. Kowace kwamfuta tana da lambarta ta musamman a gindinta. Idan aka shigar da lambar a shafin kamfanin, zai nuna wa'adin garantinta, wanda galibi shekara ɗaya ne. Wadda aka saya jiya amma garantinta ya ƙare shekara biyu da suka wuce, ta tona asirin kanta.

A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Da kwamfuta ta mutu sau biyu sai a garzaya wurin mai gyara na bakin titi, ya buɗe ta, ya taɓa nan ya taɓa can. Idan aka koma wurin mai sayarwa sai ya ce an riga an taɓa ta, ba zai karɓa ba. Abin da ya dace shi ne a koma da ita yadda ta ke, tare da rasit, da kwali, da caja, da takardar nan ta lokutan mutuwa, da hoton rahoton batir da na Event Viewer. Mai hujja a rubuce ya fi mai cewa "tana dai mutuwa" samun biyan bukata.

KAMMALAWA

An ga cewa mutuwar kwatsam iri-iri ce, kuma ana bin sawunta ne daga waje zuwa ciki: a tantance irin mutuwar, a duba zafi, a duba caja da batir, a raba laifin manhaja da na ƙarfe, sa'an nan a gwada sassa. Duk abin da ya wuce wannan haƙƙin mai sayarwa ne, muddin garanti bai ƙare ba. Kafin a fara kowane gwaji kuwa, a kwafe aiki zuwa filash, a kuma aika wa kai da shi ta imel, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamfuta in ta ƙi gyaruwa ana iya musanya ta, amma hirar da aka yi da dattijo a ƙauye, in ta salwanta, ba lalle ne a sake samun sa a raye ba.