DAMBE: GWANINTA KE ƘARUWA, KO KUWA ƘARFI?

Akwai wata gardama da ta daɗe tana ci a majalisun Maikunkele, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Bosso, wadda ke bakin hanyar Minna zuwa Zungeru. Dattawa suna cewa dambe ya lalace, 'yan damben yanzu ƙarfi kaɗai gare su. Samari kuwa, waɗanda ke kallon wasannin Kano da Abuja a wayoyinsu, cewa suke yi da za a tayar da mazan jiya a haɗa su da na yau, ba za su kai turmi na biyu ba. To, masu karatu, wa ya fi gaskiya a cikinsu?

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san inda aka fito. Maikunkele ƙasar Gwari ce, dambe kuwa baƙo ne a nan, Hausawa suka zo da shi, musamman mahauta, waɗanda suka yi ta biyo kasuwanni tun bayan da hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano ta ratsa Minna wajen 1911. A ƙasar Hausa can asali wasan kaka ne. In amfanin gona ya zo gida sai mahauta su ɗauki makaɗansu su bi ƙauyuka, a yi kwana biyu ko uku ana sa zare, sa'an nan a watse. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da igiya, watau kara, ya miƙa ɗayan gaba ya zama garkuwa. Turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan.

Dattawa in sun tashi kafa hujja, Shago da Ɗandunawa suke ambata, waɗanda Ɗan Anace, mawaƙin ƙasar Sakkwato, ya ɗaukaka sunayensu. Babu mai musun cewa gwanaye ne. Amma akwai abin lura a nan. Galibin masu yabon Shago a yau ba su taɓa ganin dambensa ba, a rediyo da kaset suka san shi, ta bakin mawaƙi. Shi kuwa mawaƙi ranar nasara yake waƙa, ba ya ba da labarin ranar da gwaninsa ya kai duka ya sami iska. Ɗan damben yau duk kuskuren da ya yi yana cikin waya, ana maimaita shi har a gaji. Sabo da haka awon bai zo daidai ba, domin an ɗora waƙa a gefe guda na sikeli, an ɗora hoto a ɗayan.

Su ma samari suna da tasu hujjar, kuma mai nauyi ce. A da ɗan dambe manomi ne ko mahauci wanda ke fita fage bayan girbi. Yanzu kuwa dambe ya zama sana'ar shekara duka. Akwai gidajen dambe na dindindin, kamar na Dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano da na Dei-Dei a Abuja, inda ɓangarorin nan uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, ke karawa. Ana sa gasar babur, ana sa ta mota. Tun 1976 da aka ƙirƙiro Jihar Neja, aka kuma tsai da shawarar gina Abuja a maƙwabtanta, hanyoyi suka buɗe, yaron da ya taso a gefen Minna yana iya kai kansa babban fage a yini guda. A 2017 wasu matasa suka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, wasan ya kai ga masu kallo a Amurka da Turai, a 2023 kuma aka fara gasar Dambe Warriors League wadda ta raba 'yan wasa bisa nauyinsu. Wanda ke dambe kullum, yana gudu da safe, yana kallon hoton abokin karawarsa kafin su haɗu, dole ya fi na jiya numfashi da sauri.

To, ina gizo ke saƙa? Yana saƙa ne a wajen abin da fage ke biya. Ɗan kallo da ya biya kuɗin ƙofa kisa ya zo gani, mai liƙi kuma ba ya ciro kuɗi sabo da an kauce wa duka da kyau. Da yaro ya gane haka sai ya sa duk hankalinsa ga hannun kara, ya manta da na garkuwa. Alhali kuwa rabin dambe a hannun garkuwa yake: da shi ake auna tazara, da shi ake rufe wa abokin karawa ido, da shi ake danne masa kai kafin a sauke duka. Tsayuwa ma ilmi ce, yadda za a buɗe ƙafa a sunkuya, a jira mutum ya kawo ya wuce sa'an nan a same shi a buɗe. Waɗannan su ne ke raguwa, su ne kuma dattawa ke kuka a kai, ko da yake ba kullum suke iya faɗin sunan abin da ya ɓace musu ba.

Bugu da ƙari, koyo ya gajarce. Sunayen fage irin su Shagon wane da Autan wane suna nuna cewa kowane ɗan wasa yana da ubangidan da ya rene shi. A da yaro yakan daɗe yana bin ubangidansa yana riƙe masa kaya kafin a naɗa masa kara a gaban jama'a. Yau buƙatar kuɗi da yawan gidajen wasa kan jefa shi fage tun bai nuna ba. Wanda kuma ke sa zare yau ya sake gobe, yaushe zai zauna ya gyara kuskurensa, balle hannunsa ya warke?

Wannan gardama ba a dambe kaɗai ake yin ta ba. A Ingila da Ostireliya ana yin irinta kan zari-ruga na 'yan wasa goma sha uku, wanda ya ɓalle daga na asali a garin Huddersfield a 1895 kan maganar biyan 'yan wasa. A 1966 aka ƙayyade cewa in an kayar da masu riƙe da ƙwallo sau huɗu sun rasa damarsu, daga baya aka mai da shi shida, a 1996 kuma manyan ƙungiyoyin Ingila suka koma sana'a ta cikakken lokaci. Tun daga nan 'yan wasa suka ƙara jiki da gudu, tsofaffi kuma suka shiga ƙorafin cewa dabara ta ja baya. Can da nan darasin ɗaya ne, watau abin da doka da kuɗi suka fifita shi 'yan wasa za su ƙware a kai.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna wata hanya. Tun 1975 da aka fara gasar takobin kokawa a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, suke da jerin zakarunsu a rubuce, har zuwa Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobi karo na shida a Agadas a 2023. In sun yi gardama suna da abin nunawa. Dambe ba shi da irin wannan kundi.

Amsar tambayarmu ke nan: ƙarfi da sauri sun ƙaru, kariya da haƙuri sun ragu. Gyaran kuwa yana hannun masu gidajen dambe da hukumomin wasanni na jihohi. A riƙa ba da maki ga wanda ya kare kansa da kyau in an tashi babu kisa, a hana ɗan wasa sa zare kwana biyu a jere, a ɗauki tsofaffin 'yan dambe aikin koyarwa tun suna raye, a kuma rubuta sakamakon kowace gasa. In ba a yi haka ba, yaran Maikunkele za su gaji ƙarfin hannu, ilmin garkuwa kuwa ya bi masu shi kushewa.