Bayani a Kan Rawayar Ganyen Itatuwan Garka

Wani falke mutumin Kebbe ya same ni a Tambuwal yana kukan lemun tsaminsa, wai ganye ya koma rawaya, kullum yana ƙara masa ruwa, abin sai gaba yake yi.

Ku sani, ya 'yan'uwa, farkon abin dubawa shi ne wane ganye ya fara. Idan tsofaffin na ƙasa ne suka yi rawaya baki ɗaya, to yunwa ce. Ruwan Agusta ya wanke abincin jigawa, itacen yana janye na tsoho yana bai wa sabo. Maganinsa ruɓaɓɓen takin awaki, ko yuriya kaɗan nesa da gindi.

Amma idan tohon sama ne ya koɗe alhali jijiyoyinsa suna nan kore, to sinadarin ƙarfe ne ya gagari saiwa. Wannan ya auku gare ni. Almajiraina sun shekara suna zuba tokar wutar karatu a gindin lemona, ni kuwa ina ta sa musu albarka, ina zaton taki ne. Toka mai yawa, da ruwan sabulu, da ƙasa mai kanwa, duk suna ɗaure ƙarfen nan. Sai da muka kwashe ta, muka zuba taki, sannan sabon toho ya fito kore.

Shi kuwa falken, da ya koma ya tona gindin nasa, ya tarad da laka mai wari, saiwa ta yi baƙi, ruwa ya shaƙe ta. Na aika masa ya yi wa ruwan hanya, kada kuma ya sake shayarwa sai ƙasa ta bushe zurfin yatsa.

Haza wassalam.