Jego A Kurmi: Uba Ma Yana Da Nasa Aiki

A ranar Laraba 29 ga watan Satumba na 2021, Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta yi zama a Abuja a ƙarƙashin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, inda ta amince a riƙa ba duk ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da matarsa ta haihu hutun kwana 14, don ya zauna gida tare da mai jego da jariri. A watan Nuwamba na 2022 ofishin Shugabar Ma'aikata ya fitar da takardar umurni wadda ta bayyana sharuɗɗan, watau kwanakin aiki ake ƙirgawa, ba a ɗaukar hutun fiye da sau ɗaya cikin shekara biyu, kuma iyakarsa haihuwa huɗu.

Tun kafin wannan, wasu jihohin Kudu sun riga sun yi gaba. A 2014, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, Jihar Ikko ta ba ma'aikatanta maza kwana 10, mata kuma wata shida, a haihuwar fari da ta biyu. A 2015 Jihar Inugu ta ba maza mako uku. A ƙasashen waje kuwa abin ya daɗe, gama tun 1974 ƙasar Suwidin ta yi dokar da ta ba uwa da uba damar raba hutun reno a tsakaninsu.

YADDA AKE A GIDA

Ba abin mamaki ba ne idan magidancin da ya tashi a Arewa ya ji wannan labari ya yi dariya, ya ce ina ruwan namiji da jego. Yana da hujja, don a gida al'ada ta riga ta raba wa kowa aikinsa. Idan cikin fari ne, yarinya takan koma gidan iyayenta goyon ciki tun wata bakwai, can za ta haihu, can za ta yi wanka har ta yi arba'in. Akwai ungozoma, akwai uwa da kaka da goggo da inna, ga maƙwabta masu shigowa barka. Wata ta dafa ruwa, wata ta dama kunu, wata ta goya yayan jariri.

Aikin maigida a nan sananne ne. Shi zai kawo itacen wanka da ƙauri da kayan yaji, ya sayi rago da goro, ya kira liman da wanzami ranar suna. Bayan wannan sai alkunya ta hana shi kusantar ɗakin, balle idan ɗan fari ne, wanda ko sunansa ba ya faɗa a gaban mutane. Tsarin ya yi aiki ne domin gidan cike yake da hannuwa.

KURMI DABAM NE

To, amma magidancin da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, ko Sabon Shagamu, ko Anacha da Fatakwal, ba shi da waɗannan hannuwa. Tsakanin Ikko da Kano kimanin kilomita 1,000 ne, ga tsadar mota, ga hatsarin hanya ga mai tsohon ciki. Kawo uwa daga gida ma sai mai hali, don sau da yawa ɗaki ɗaya ne iyali ke ciki, a gidan haya da ake layi kafin a ɗebi ruwa.

A da, zango yakan rage wannan wahala. Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, ta ginu ne a kan fataucin goro da shanu, kuma kowane baƙo yana da maigidan da ya sauka wurinsa, matan gidan kuma su ne iyayen matarsa a baƙunta. Yanzu jama'a ta yi yawa, an warwatsu cikin unguwanni, mutum yakan shekara bai san sunan na ɗakin kusa da shi ba. Saboda haka idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, miji ne ungozoma har a isa asibiti, shi ne mai ɗiban ruwa, shi ne mai kai yara makaranta da safe.

Akwai kuma abin da ya fi ɗiban ruwa nauyi. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka kuma danganta shi da yawan kanwa a kunu, da tsananin zafin ruwan wanka, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Alamunsa su ne kumburin ƙafa, da haki, da tari, da kasa kwanciya sai an jingina. Haka nan zubar jini mai yawa, da zazzaɓi, da matsanancin ciwon kai, da jijjiga, duk ba a kwana da su a gida. A Arewa tsohuwa ce za ta fara gani. A Kurmi, idan miji bai san su ba, babu mai gani. Mata da yawa kuma ba su fita ba da izinin miji ba, don haka mai hankali yakan bar izini a buɗe, ya bar kuɗin mota a ajiye, kafin ya fita nema.

WAƊANDA DOKA TA BARI

Sai dai kuma yawancin 'yan Arewa da ke Kudu ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Masu gadi ne, da masu shayi, da 'yan gwari na kasuwar Mile 12, da mahautan Oko-Oba, da 'yan canji, da 'yan dako, da direbobin manyan motoci. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace mai aikin albashi mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida a wurin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Game da uba kuwa, dokar ba ta ce komai ba. Wasu bankuna da manyan kamfanoni suna bayarwa don ganin damarsu, amma mai gadin da ya nemi kwana bakwai yana iya dawowa ya tarar an sa wani a kujerarsa. Mai shayi kuma ranar da bai hura wuta ba, ranar babu cefane.

Wannan rashi yana shafar mata ta wata fuskar. Sashe na 17 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce aiki iri ɗaya lada iri ɗaya, ba tare da bambancin mace da namiji ba. Amma muddin reno na mace ne ita kaɗai, mai kamfani zai riƙa ɗari-ɗari da ɗaukarta, don ya san ita ce za ta yi fashi duk ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. 'Yar Arewa mai aikin jinya ko koyarwa a Ikko ta san wannan. Haka mai tuyar waina ko ƙosai a cikin gida, wadda cinikinta ke cike gurbin kuɗin cefane. Idan babu mai karɓar mata jariri na awa ɗaya, jarin ya karye, gidan duka ya ji a jika.

Ga mai ganin aikin gida zubar da girma ne, malamai sun daɗe suna tunatarwa cewa Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi.

ƊAN CI-RANI DA LAFIYARSA

Akwai kashi na biyu na iyaye, watau waɗanda suka bar iyali a gida suka taho neman abinci. Irin wannan uba yakan ji labarin haihuwa ta waya, ya aika kuɗin rago, ba zai ga ɗan ba sai Babbar Salla ko faɗuwar damina. Ranar da ya isa, yaron ya yi masa ƙyuya, ya ɓuya bayan uwarsa. Maza ba su cika faɗin zafin wannan ba, amma yana cin rai.

Ga shi kuma yana kwana a rumfa ko a bakin shago, abincinsa na kan hanya, gida kowa na jiran aike. Lokacin da Gwamnatin Ikko ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga watan Yuni na 2022, ta ƙara huɗu a watan Satumba, magidanta masu yawa sun wayi gari ba sana'a, alhali buƙatun gida ba su tsaya ba. Wasu sukan nemi ƙarfi a ƙwayoyi irin su tramadol don su jure aiki, daga nan kuma sai jaraba. Hawan jini shi ma ba ya sallama. Mutum yana iya yawo da shi shekaru bai sani ba, sai ranar da ya faɗi. Awonsa bai fi minti biyar ba a ɗakin shan magani, kuma wanda awonsa ke kaiwa 140 bisa 90 a kai a kai, lalle ya ga likita. Uban da ya kula da jikinsa, 'ya'yansa ya yi wa tanadi.

ABIN YI

Kafin doka ta iso kasuwa da bakin ƙofa, jama'a na iya yin nasu. Masu gadin layi ɗaya suna iya shirya wanda zai riƙe wa mai haihuwa aiki daga ranar haihuwa zuwa suna, da sanin masu gida. Ƙungiyoyin kasuwa da ke yin adashi don biki da mutuwa suna iya ware kaso don jego. Sarakunan Hausawa da limamai kuma bakinsu yana da nauyi wurin iyayen gida, idan suka roƙa wa yaro kwana bakwai da wuya a hana.

Shi kuma uba, ya san katin rigakafin ɗansa kamar yadda ya san lissafin cinikinsa: allurar ranar haihuwa, da ta mako shida, da goma, da goma sha huɗu, da ta ƙyanda a wata tara. Ya karɓo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Wanda ke nesa, idan ya buga waya, bayan ya tambayi ko kuɗi sun isa, ya sa a ba shi yaran ɗaya bayan ɗaya, ya ji wane ya kai wace sura, wace ce ba ta jin daɗi. Ya kuma tambayi uwarsu lafiyarta ita kanta, ya saurari amsar har ƙarshe. Allah ya raya zuriya, ya mai da kowa gida lafiya.