Daga Hoto Zuwa Taswira: Jirgi Maras Matuƙi da Buɗaɗɗiyar Manhaja a Aikin Safiyo



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda ake mayar da hotunan da ƙaramin jirgin nan maras matuƙi yake ɗaukowa daga sama su zama taswira, ta hanyar manhajar kwamfuta wadda ba a saye, ba a kuma ɓoye yadda aka rubuta ta ba. Zan fara da wata magana wadda watakila za ta ba waɗansunku mamaki, watau hoton da aka ɗauka daga sama ba taswira ba ne, kome kyansa. Sharaɗin taswira shi ne ma'auninta ya zama ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta yadda in santimita guda ta tsaya a madadin mita goma a tsakiyar takarda, to, haka za ta tsaya a gefe. Hoto ba ya cika wannan sharaɗi. Idan jirgi ya bi ta kan Dutsen Dala, ƙololuwar dutsen ta fi gidajen da ke gindinsa kusa da kyamara, saboda haka za ta fito da girma fiye da rabonta. Dogayen gine-ginen da suka faɗo a gefen hoto za a gan su kamar sun kishingiɗa waje. Ga kuma iska, wadda ba ta barin jirgi ya tsaya daidai. Ilmin da ke gyara waɗannan aibobi, har a iya yin awo a kan hoto a amince da shi, shi ne zan riƙa kira awon hoto.

Ba sabon ilmi ba ne. Wani hafsan sojan Faransa, Aimé Laussedat, ya fara zana taswira daga hotuna tun wajen 1850, kuma a 1858 wani mai ɗaukar hoto da aka fi sani da Nadar ya ɗauki hoton ƙasa daga cikin balan-balan kusa da Paris. A 1901 Carl Pulfrich na kamfanin Zeiss a Jamus ya ƙera na'urar da ake auna hotuna biyu tare. Asalin dabarar kuwa kowa yana ɗauke da ita a fuskarsa. Miƙa yatsanka gabanka, ka rufe idon dama, sa'an nan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan ya yi tsalle, alhali bangon da ke can nesa bai motsa ba sai kaɗan. Gwargwadon tsallen, gwargwadon kusanci. Hotuna biyu na wuri guda, waɗanda aka ɗauka daga wurare biyu, idanu biyu ne.

Da wannan dabara aka zana yawancin taswirorin da ke cikin durowoyin ma'aikatunmu na filaye da safiyo. Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulki a 1946, aka yi ta ɗaukar hotuna da manyan jirage, aka buga taswirori masu ma'aunin 1:50,000. A 1972 aka buɗe cibiyar koyar da safiyon sama ta ƙasashen Afirka a Ile-Ife. Aiki ne mai kyau, amma a dubi ma'aunin. A irin wannan taswira santimita 2 ita ce kilomita guda, don haka fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 bai kai milimita guda ba ta kowace fuska, watau ɗigon fensir. Ba za a raba rigimar iyaka da ita ba, ba kuwa za a tsara magudanar ruwan unguwa da ita ba.

Abubuwa biyu suka sauya al'amarin. Na farko shi ne arahar jirgi da kyamara. Na biyu, wanda ya fi shafarmu yau, shi ne kwamfuta ta koyi aikin da a da sai ƙwararren ma'aikaci ya zauna gaban na'ura yana yi da idonsa, watau gane cewa wannan kusurwar katanga da ke cikin hoto na farko ita ce dai wadda ke cikin na biyu. David Lowe na Jami'ar British Columbia a Kanada ya bayyana wata hanya ta yin haka a 1999, ya cika ta a 2004. A 2006 Noah Snavely da abokan aikinsa a Jami'ar Washington suka nuna cewa ana iya tattaro hotunan 'yan yawon buɗe ido, waɗanda ba a san inda kowa ya tsaya ya ɗauka ba, kwamfuta ta gano wuraren tsayuwar da siffar ginin a lokaci guda.

To, bari mu bi aikin daki-daki, mu ɗauka an ba mu murabba'in kilomita guda na wata unguwa. Muna da kyamara irin wadda aka saba gani a kan waɗannan jirage, mai ɗigo miliyan 20. Idan jirgi ya tashi mita 100, kowane hoto zai rufe kimanin mita 150 da mita 100, kowane ɗigo kuwa zai tsaya a madadin santimita 2.7 a ƙasa. A kwatanta da tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, wanda ake samun hotunansa kyauta, amma ɗigonsa mita 10 ne. Jirgin zai yi ta kai da komowa kamar mai huɗa a gona, kuma tilas hotunan su hau kan juna. Safiyon da yakan wadatu da kashi 60 cikin ɗari a gaba da 30 a gefe. Na yanzu yana son wajen 80 da 70. Ke nan za a ɗauki hoto bayan kowace mita 20, a bar mita 45 tsakanin kunya da kunya, abin da zai kai mu hotuna wajen 1,100, kuma kowane wuri zai fito cikin hotuna kamar goma sha biyar. Wanda ya yi rowar hoto a fili zai yi nadama a gaban kwamfuta.

Daga nan sai manhaja. Wadda ta fi yaɗuwa cikin buɗaɗɗu ita ce OpenDroneMap, wadda Stephen Mather, wanda a lokacin ma'aikacin hukumar lambunan shaƙatawa ta Cleveland a Amurka ne, ya soma a 2014. Daga baya Piero Toffanin ya rubuta WebODM, wadda ta ba mutum damar zuba hotuna da danna maɓalli ba tare da rubuta umarni ba. Akwai waɗansu, irin su MicMac ta hukumar taswira ta Faransa, da COLMAP. Da farko manhaja za ta bi hoto bayan hoto tana tsintar dubban alamomi masu saukin ganewa: bakin rufi, dutse, gindin bishiya. Sa'an nan ta haɗa alamomin wannan hoto da na maƙwabtansa, ta zubar da waɗanda suka yi kama da juna a bisa kuskure. Bayan haka sai babban lissafi. Daga kowace alama za ta ja layi zuwa kyamarorin da suka gan ta, ta yi ta gyara matsayin kowace kyamara, da karkatarta, da ma lanƙwasar gilashinta, har layukan su haɗu a wuri guda gwargwadon iko. Idan wannan ya zauna, sai ta koma ta lissafa matsayi da tsawon miliyoyin ɗigo, ta fitar da siffar tudu da kwarin wurin. A kan wannan siffa ne take miƙe kowane hoto, ta ɗinke su su zama shimfiɗa guda wadda kowane sashenta kamar daga bisa kai tsaye aka dube shi. Wannan miƙaƙƙen hoto shi ne ake iya awo a kansa. Ana buɗe shi cikin QGIS, wata buɗaɗɗiyar manhajar da Gary Sherman ya fara a 2002, a zana tituna da gidaje da kwalbatoci, a sa sunaye.

Kada a ji an ce kyauta a ɗauka babu ɗawainiya. Jagorar OpenDroneMap ta ƙiyasta ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 16 ga hotuna 250, da gigabait 64 ga hotuna 1,500, kuma lissafin yakan ɗauki sa'o'i masu yawa. Kwamfutar akawu ba za ta ɗauka ba, sai dai a karkasa aikin. Batun wutar lantarki kuwa ba sai na tsaya a kansa ba. Amma ga abin da aka samu. Ba a biyan kuɗin lasisi da dala kowace shekara, don haka aiki ba ya tsayawa saboda an makara sakin kasafi. Hotunan ba sa barin ofis zuwa rumbun wani kamfani a ƙasar waje. Ɗalibi kuma yana iya buɗe cikin manhajar ya karanta yadda aka yi lissafin, ya gyara in ya ga kuskure. A ganina wannan na ƙarshe ya fi sauran daraja ga jami'a.

Yanzu na zo ga abin da na fi so manyan ma'aikata su riƙe. Manhaja ba ta ƙin ba da sakamako. Ko an ba ta hotuna masu rauni za ta fitar da abu mai ban sha'awa, wanda za a rataya a bango baƙi su yaba. Na'urar GPS da ke cikin jirgi mai araha takan yi kuskuren mitoci, kuma kuskurenta a tsawo ya fi na shimfiɗe muni. Ke nan ana iya samun hoton da ake ganin akuya a cikinsa sarai, alhali dukan unguwar ta goce mita uku daga inda take. Maganin wannan shi ne turakun awo. Kafin jirgi ya tashi, ana shimfiɗa alamomi masu baƙi da fari a ƙasa, a warwatsa su gefe-gefe da tsakiya, tudu da kwari, safiyo ya auna matsayin kowace da na'ura mai daidaito na santimita. Uku ne mafi ƙaranci a lissafi, amma mai hankali ba ya yin ƙasa da biyar. Bayan waɗannan ana auna waɗansu a ɓoye wa manhaja, sai ta gama a gwada amsarta da su. Duk ɗan kwangilar da ya kawo muku taswira, ku tambaye shi turaku nawa ya ɓoye, kuma da santimita nawa suka saɓa. In ya ce manhaja ce ta tabbatar da daidaiton, to, ɗalibi ne ya yi wa kansa makin jarrabawa.

Akwai wani aibi mai wuyar gani. Idan duk hotunan a tsaye cak aka ɗauke su, kuma manhaja ta ɗan kuskure lanƙwasar gilashin kyamara, sai fili shimfiɗaɗɗe ya fito kamar an kifa ƙwarya, tsakiya ta ɗaga, gefe ya sauka. Ana rage wannan da turaku a tsakiyar fili, da kuma ƙara waɗansu hotuna da kyamara a ɗan karkace. A ƙasa mai duwatsu watakila ba zai dami kowa ba. A ƙasa irin ta Maiduguri, wadda ruwa ya mamaye bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024, rabin mita ya isa ya sauya inda taswira za ta ce ruwa zai bi. Haka nan a Kano, inda aka cike kududdufai da dama aka yi gini a kansu, wanda zai tsara magudana ba hoton rufi yake bukata ba, tsawon ƙasa yake bukata. A nan ma akwai iyaka: kyamara abin da ta gani take aunawa, watau kan bishiya da saman rufi, ba ƙasar da ke ƙarƙashinsu ba. Fuskar ruwa, da rairayi maras tabo, da sabon kwano mai walƙiya, duk suna rikita ta, don babu alamar da za ta kama. Rani ya fi dacewa da aikin, bayan an kawar da amfanin gona, sai dai a guje wa ranakun hazo.

Sai kuma tarkon da ya shafi Nijeriya musamman. Tsofaffin taswirorinmu an kafa su ne a kan ma'aunin asali na Minna, shi kuwa GPS yana aiki da WGS 84. A yankin Kano bambancin ya kai mita 70 zuwa 80, kusan dukansa ta gabas da yamma. Wanda ya ɗora sabon hoto a kan tsohon zanen fuloti bai juya ma'auni ba, zai ga kowa ya shiga filin maƙwabcinsa na uku ko na huɗu, alhali babu wanda ya gusa. Har wa yau, a tsarin UTM Sakkwato tana shiyya ta 31, Kano ta 32, Maiduguri ta 33, kuma zaɓen shiyyar da ba ita ba yana jefa taswira ɗaruruwan kilomita daga gida.

Ban ce kowa ya sayi jirgi gobe ya tashe shi ba. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijeriya ta shardanta neman izininta, tare da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a yankunan da ake fama da rashin tsaro sai a nemi sanin umarnin sojoji kafin kome. Zanen da za a dogara da shi wajen ba da takardar mallakar fili sai da sa hannun safiyo mai rajista da majalisar safiyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1989. Akwai kuma abin da ba sai doka ta faɗa ba. Gidajenmu an gina su ne a kan tsari na zaure da katanga, don kada idon baƙo ya kai tsakar gida. Hoton da ɗigonsa bai kai santimita 3 ba yana nuna shanya, da turmi, da wanda ke zaune a tabarma. Kafin a tashi jirgi a kan unguwa, ya kamata a je wa mai unguwa da dattawa, a faɗa musu rana da sa'a, don a sanar da gidaje. Idan kuma za a fitar da hoton ga jama'a, ana iya rage ƙarfinsa zuwa santimita 20 ko 30, wanda ya isa zana titi da kwalbati, a adana na asali a ofis, a rubuta sunan duk wanda ya karɓi kwafi.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.