Yadda Ake Koya wa Gilashin LCD Rubuta Ƙ da Ɗ

A shekarar 1888 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Friedrich Reinitzer, yana nazarin wani sinadari dangin kolastarol, sai ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Da ya ɗumama sinadarin zuwa wajen digiri 145 sai ya narke, amma ruwan ya fito dishi-dishi, bai washe ba sai da zafi ya kai wajen digiri 178. A tsakanin nan abin yana kwarara kamar ruwa, alhali ƙwayoyinsa a jere suke kamar na daskararren abu. Wannan shi ne ruwan kiristal, wanda ke cikin gilashin agogon hannu da na kalkuleta, watau gilashin da ake kira LCD.

Dabarar da irin wannan gilashi ke aiki da ita, Martin Schadt da Wolfgang Helfrich ne suka fito da ita a Suwizalan a 1970. Ana zuba ruwan tsakanin gilasai biyu masu matatar haske, ƙwayoyinsa na murɗe, suna karkata haske har ya sami wucewa. Da zarar lantarki ya taɓa wani gurbi, sai ƙwayoyin su miƙe, haske ya kasa wucewa, gurbin ya yi baƙi. Da irin waɗannan ɗigogi ake harhaɗa haruffa.

To, wa ke gaya wa gilashin abin da zai rubuta? Wannan aikin ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki ne, wadda ake ɗorawa bisa wani faranti domin ɗalibai su sami sauƙin jona wayoyi. Fitacce a cikin irin waɗannan faranta shi ne Arduino, wanda aka soma ƙerawa a garin Ivrea na Italiya a 2005. Samfurin Uno, na 2010, yana da kafofin shige da fice na lambobi guda 14. Gilashin da aka fi haɗa shi da shi kuwa mai layi 2 ne, kowane layi harafi 16, kowane harafi ɗigo 40, biyar a kwance takwas a tsaye. Jimla ɗigo 1,280 ke nan. Babu yadda kafa 14 za ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka gilashin yana da nasa magatakarda a maƙale a bayansa, wato guntun HD44780 na kamfanin Hitachi ko mai kama da shi. Faranti aike kawai yake yi masa, kuma waya shida ta wadatar. Huɗu na ɗaukar saƙo. Ta biyar, RS, tana fayyace ko umurni ne ko harafi. Ta shida, E, ita ce sallama: sai ta motsa magatakarda ke karɓa. Alal misali, lambar harafin A ita ce 65, a lissafin na'ura 01000001. Sai a raba ta biyu, a aika 0100, a bi da 0001. Sau da yawa ɗalibi kan gama haɗi ya ga gilashi fayau, ya ɗauka ya ƙone. Galibi lafiyarsa ƙalau, kafa ta uku ce, mai daidaita duhun rubutu, ba a murɗa mata maɓalli ba.

Sai dai magatakardan nan bai san Hausa ba. Samfurin da ya fi yawa a kasuwa ya haddace haruffan Ingilishi da wasu na Japananci, amma babu masu lanƙwasa. Ba ƙaramin giɓi ba ne. A ce ɗalibai sun ƙera ma'aunin zafi don injin ƙyanƙyasar ƙwai, inda ake son zafi ya tsaya wajen digiri 37.5 har kwana 21. Gilashin da ke rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa" ya faɗi wata magana dabam.

Abin sha'awa, masu ƙirar sun bar gurbi takwas na haruffan da mutum zai zana da kansa. Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ irin ta rubutun Nijar, manya da ƙanana, takwas ne cif. Ɗalibi zai ja gidaje biyar a kwance, takwas a tsaye a takarda, ya cike inda harafin ya bi, ya mai da cikakken gida 1, wanda babu komai 0. Ga ƙaramin ƙ, sahun farko na iya zama 00110, wato lanƙwasar, na biyu 01000, haka har ƙasa. Sahu na takwas akan bar shi wayam. A Arduino, umurnin createChar ke kai zanen gurbinsa.

Guraben nan ba sa riƙe komai idan wuta ta ɗauke. Don haka dole a sa zanen a farkon shirin da ke cikin faranti, yadda duk lokacin da wuta ta dawo zai sake aika haruffan takwas kafin ya rubuta kalma ta farko.